Sharfu, Wanda Ya Kai Mu Bakin Teku

Daga Allah muke, kuma gare Shi komawarmu take. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga Rajab 1427, daidai da takwas ga Agusta 2006, Allah Ya karɓi ran ɗan'uwana kuma taubashina, Sharfuddeen ɗan Abdulsalam, a wani asibiti a nan Madina, bayan ya sha jinyar ciwon hanta. Ya bar matarsa Ruƙayya, da 'ya'ya biyu, Saif da Wafa, da yayansa Zubair. Ya kuma bar ni, Haladu, wanda ba ya cikin magada amma ya fi kowa rasa abokin faɗa.

Sharfu, mahaifiyarka Gwaggo Ƙaltume yayar babana ce, saboda haka tun muna yawo ba takalmi a gonakin dabino na unguwar Awali, nan Madina, nake da ikon in faɗa maka duk abin da na ga dama, kai ma ka rama. Yau an ce in natsu, in ajiye tsokana, in rubuta ta'aziyyarka. Zan ƙoƙarta, amma ban yi alkawari ba.

Abu ɗaya na san ka roƙa a duniyar nan ba ka samu ba, wato a nuna maka inda aka kwantar da mahaifiyarka a maƙabartar Baƙi'a. Mutum ɗaya ne ya san wurin, shi ne Yaya Zubair, ya kuma hana ka har ka koma ga Allah. Ina so in ba ka labarin yadda maganar ta ƙare, tunda a bayan idonka aka ƙarasa ta. Amma sai na fara daga teku, domin daga can komai ya taso.

Kai makanikin injin ban ruwa ne. Rabin rijiyoyin Awali ka leƙa cikinsu, kuma manoma sun san in injin ya mutu a tsakiyar zafi, kai za a kira, ka zo kana masifa, ka gyara kana masifa, ka tafi kana masifa. Wallahi a lokacin zuciya gare ka, ba ka da maraba da yayanka. A shekarar 1992 wani mai jirgin ruwa ya kira ka Yanbu ka duba masa injin. Can ka ga mutane suna goya tukunyar iska a baya, su sa gilashi a fuska, su faɗa cikin Bahar Maliya, su daɗe kafin su fito. Ka dawo ka same ni a shago idonka yana ƙyalli, ka ce za ka koyi nitso. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce mutumin da ya doshi arba'in, wanda ruwan da ya fi sani shi ne na tafkin gona, shi zai je ya yi zumunci da kifaye? Ka ce in zo in yi maka gadin takalma. Na je, kuma gadin takalman nan na yi ta yi shekara da shekaru, ban taɓa bari ruwan ya wuce gwiwata ba.

Wanda abin bai ba dariya ba ita ce Gwaggo. Mu matasa mun manta, ita ba ta manta ba, cewa ta kan ruwan nan kakanninmu suka shigo ƙasar nan. Tana yarinya suka taso daga ƙasar Katagum a ƙasa, suka ratsa Sudan, suka hau jirgin katako daga Sawakin, kuma a tsakiyar ruwan ƙaninta na goye ya rasu aka saka shi a ciki. Duk wahalar nan an sha ta ne don a zauna a Madina, a mutu a Madina, a kwanta a Baƙi'a. Sai ga ɗanta da ƙafarsa zai koma cikin ruwan da aka tsira daga gare shi. Ta yi kwanaki ba ta amsa maka gaisuwa da daɗi. Ranar da ta sauko ina wurin. Ta dube ka ta ce, "To, je ka. Amma duk wanda ka shiga da shi, ka fito da shi." Ka ce mata ai dokar farko ke nan da malaminku ya koya muku. Ta ce ita ba ta san wani malami ba, ita ta faɗa.

Yaya Zubair kuwa tun farko ya kira abin wasan Nasara, aikin marasa abin yi. Mutum ne mai tsare sahun gaba a Harami, mai kiyaye sunna, ba shi da ha'inci ko na ƙwayar zarra, amma in ya kafe a kan magana sai dai a kewaye shi. Kana girmama shi, don shi ya riƙe gidan bayan rasuwar mahaifinku. Sai ka riƙa yin shiru idan ya fara.

Ikon Allah, ruwan nan ya canza ka, ya canza gidanka. Ka bar shisha don numfashinka ya yi tsawo. Ka sayar da ƙaramar motarka ka sayi babba saboda tukwanen iska. Igiyar shanyar Ruƙayya ta koma wurin rataye baƙaƙen rigunan roba, har maƙwabta suka riƙa tambaya ko lafiya. Ita ma da farko ta yi mita, daga baya ta zama ita ke tuna maka abin da ka manta, ita ke dafa shinkafa da kifi irin ta mutanen Yanbu har ta fi su iyawa. Saif ya koya a hannunka. Wafa ma ka nemo mata wani lungu a bakin ruwa inda babu kowa sai ku, ka koya mata, mutane suka yi surutunsu suka gaji. Idan na zo cin abinci gidanka sai in tarar yara suna magana da hannu irin ta ƙarƙashin ruwa, su yi wa juna alama su fashe da dariya, ni kuwa na san da ni suke. Masifarka ta ragu. Ka taɓa ce mini a ƙasan ruwa mai gaggawa shi ke fara shanye iskarsa, na ce ashe sai da ka je wurin kifi ka ji abin da muka daɗe muna faɗa maka a tudu.

Alherinka ba zai lissafu a takarda ɗaya ba. Shekarar da wani yaro ya nutse a tafkin ban ruwa na wata gona a unguwarmu, ba ka tsaya a gaisuwa kawai ba. Ka roƙi mai gonar ya ara maka tafkin, ka tara yaran unguwa, namu da na Larabawa da na leburorin gona, ka koya musu iyo kyauta har damina biyu ta ƙasar Hausa ta wuce. Lokacin da injin wata bazawara ya tsinke ya faɗa ƙasan rijiya, dabinonta suka fara bushewa, kai ka goya tukunyarka ka sauka cikin duhun nan ka ɗaure shi aka jawo. Ta kawo maka kwandon dabino, ka karɓa don kada ranta ya ɓaci, ka sauke shi a gidana. Na cinye, kuma har yau ban ji kunya ba.

Akwai wata doka ta masu nitso da ta juya mana mako gaba ɗaya. Ka bayyana mini cewa wanda ya daɗe a ƙasan ruwa, jikinsa yana shan wata iska da ke buƙatar lokaci kafin ta fita. In ya fito da sauri, ko ya hau wuri mai tudu kafin ta fita, sai ta kumbura a jini da gaɓoɓi, tana iya shanye mutum ko ta kashe shi. Yanbu a bakin ruwa take, Madina kuwa a kan tudu, hanyar ma ta cikin duwatsu take bi. Saboda haka in an yi nitso ranar Alhamis, dole a kwana, sai Juma'a da safe a kamo hanya a riski salla a Harami. Ba ka taɓa karya wannan dokar ba ko sau ɗaya.

Sai ranar Alhamis ɗin nan ta shekarar 1998. Mu uku muka je, ni da kai da Saif, lokacin yana saurayi. Gwaggo mun bar ta lafiya ƙalau, har ta yi mini faɗa a kan tumbina. Kuna ƙasan ruwa ɗamarar dalma mai nauyi da ke riƙe Saif a ƙasa ta kwance, ruwa ya cillo shi sama ba shiri. Kafin jirgi ya kai gaɓa ya fara kuka da kafaɗa, yana cewa hannunsa ya yi nauyi. Aka sa masa iska a hanci, muka kai shi asibiti, likita ya ce a kwantar da shi a sa masa ido, kuma kada a kuskura a hau da shi hanyar tudu. Muna cikin wannan sai ga Issoufou, wani mutumin Nijar da ke cika tukwanen iska a shagon masu nitso, ya zo a guje ya ce ana ta neman ka a wayar shago. Gwaggo ta faɗi da safe, Allah Ya yi mata cikawa, za a yi mata salla bayan La'asar.

Ina tsaye kusa da kai lokacin da ka kira gida, ina jin muryar Yaya Zubair tana fitowa daga kan wayar. Ka gaya masa halin da Saif ke ciki, ka roƙe shi don Allah a jinkirta zuwa gobe Juma'a. Ya ce ba a ajiye gawa don masu kallon kifi. Ka ce hawa zuwa Madina yau zai iya cutar da yaron. Nan fa ransa ya ɓaci. Ya ce, "Madina ce za ta cuci mutum? Kakanninmu sun taka ƙasa shekaru don su zo ta, kai kana gaya mini zuwanta cuta ne?" Ka yi ta bayani, duwatsu, iska, jini, amma mutumin da aka haifa a inuwar Harami, wanda ya tashi yana jin ƙurar garin nan ma waraka ce, ina zai saurari wannan? Ya ajiye waya.

Na ce maka ka tafi, ni zan zauna da Saif. Na san kai ma ka yi nitso, hanyar tana da haɗari a gare ka, amma na san ba ranka kake ji ba. Ka waiwaya ka dubi inda Saif yake kwance. Sannan ka ce, "Haladu, ni na shiga da shi." Ka tura ni in je in tsaya a madadinka. Na hau motar haya, ta lalace mana a wajen Badar, ban isa ba sai da jama'a suka watse. Saif ya gaya mini daga baya cewa da aka kira La'asar ka yi salla a gefen gadonsa, ka koma ka riƙe masa hannun da ke ciwo, hawaye na zuba a gemunka, kana ce masa ya yi numfashi a hankali.

Saif ya warke sarai. Abin da bai warke ba shi ne tsakaninka da yayanka. Wanda bai san Baƙi'a ba ba zai gane nauyin abin ba. Kaburburan ba suna, ba rubutu, tulin ƙasa ne da ɗan dutse, dubbai iri ɗaya. In ba ka tsaya a wurin ranar ba, ka riƙa komawa har ƙafarka ta haddace, to ya ɓace maka. Mun tambayi maƙwabta da suka halarta, wannan ya nuna gabas, wancan ya nuna kudu. Yaya Zubair ne ya sauka cikin kabarin, shi ne yake zuwa duk Juma'a. Ka je gidansa ka durƙusa, ya ce wanda bai zo ranar ba ba ya da abin da zai zo gani. Ka koma da Salla ƙarama, ka koma da babba. Ni ma na je na yi amfani da taubasantaka na faɗa masa maganganun da wani ba zai iya ba, ya bar ni na gama ya miƙo mini shayi.

Na taɓa ba ka shawara mu laɓe mu bi bayansa ranar Juma'a mu ga inda zai tsaya. Ka dube ni kamar na ce mu yi sata. Ka ce ba wurin kawai kake so ba, so kake shi ya kai ka. Sai ka riƙa shiga Baƙi'a kana tsayawa a bakin hanya, ka yi sallama ga kowa da kowa, ka ce in sha Allahu tana cikin masu ji. Ba ka taɓa zagin yayanka a gabana ba, kuma ka san na sha buɗe maka ƙofa. Kullum cewa kake yana da gaskiyarsa, gaggauta jana'iza sunna ce, kuma shi kaɗai aka bari da ɗaukar uwa.

Wanda abin ya fi ci shi ne Saif. Ya ɗora wa kansa laifin duka. Ya daina zuwa teku, ya daina zuwa taron dangi, in ya hango baffansa a Harami sai ya canza ƙofa. Ba ka matsa masa ba. Sai da shekara ta zagayo ka ce ya raka ka Yanbu don bayanka yana ciwo, ba mai ɗaukar maka tukunya. Ƙarya kake, Allah Ya gafarta maka, bayanka ya fi nawa lafiya. Amma da haka ka mayar da shi ruwa, har yau ga shi da sana'ar nitso yake ciyar da iyalinsa. Sai dai ni da na san fuskarsa tun yana cikin zanen goyo, na san bai taɓa sauke kayan nan ba.

Da ciwo ya kwantar da kai, na yi zaton yanzu kam za a shirya. Yaya Zubair ya aiko da ruwan Zamzam da zuma, amma bai zo ba. An ce mini an gan shi sau ɗaya a ƙofar asibiti ya juya. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba, har yanzu in na tuna sai in ji ɗaci.

Ranar da ka cika Yaya Zubair yana Riyad wurin 'yarsa. Lokacin hutu ne, jirgin sama ba wuri, hanyar mota kuma doguwa. Dattawan unguwa suka taru suka ce a yi salla bayan La'asar, na kuma goyi bayansu, har a raina ina cewa shi ma ya ɗanɗana. Sai Saif ya miƙe. Ka san yaran yanzu, ka yi musu Hausa su amsa da Larabci, amma ranar da Hausa ya yi magana don kowane tsoho ya ji. Ya ce, "Abbana ya ce kada a sa shi a ƙasa sai yayansa ya iso. Za mu jira." Aka ce masa sunna, aka ce masa zafi, aka ce masa mutumin nan fa bai jira ku ba. Ya ce ya sani, shi ne a kwance a asibitin Yanbu ranar. Bai kuma matsa ba. Haka ka kwana a asibiti, Sharfu, muka jira.

Washegari kafin Azahar Yaya Zubair ya iso, rigarsa duk ƙura. Ya shigo yana zaton gaisuwa zai karɓa, sai ya ga makara a ajiye. Ya tambaye ni abin da ya hana a yi jiya. Na ce masa, "Kai aka jira." Ya zauna a ƙasa a wurin, ya cire gilashinsa.

An yi maka salla a Harami, aka ɗauke ka zuwa Baƙi'a. Yaya Zubair da Saif suka sauka cikin kabarin suka karɓe ka. Da aka gama, mutane suka fara juyawa saboda rana, sai na ga ya kama hannun Saif ya nufi wani ɓangare dabam. Na bi su, don ka san ba a barina a baya. Muka yi tafiya mai ɗan nisa tsakanin kaburbura, ba ya ko duba ƙasa. Ya tsaya a gaban wani tuli da ba shi da bambanci da sauran. Ya ce, "Ga kakarka." Sannan ya juya ga kabarin, ya ce, "Inna, ga wanda Sharfu ya tsaya dominsa. Ya fito da shi lafiya." Saif ya durƙushe yana kuka irin wanda ban ji ya yi ba ko a kan gawarka, baffansa ya dafa kansa ya daɗe bai ɗauke hannu ba.

To, ka ji, ɗan'uwana. An nuna. Ba kai aka nuna wa ba, kuma wannan zai daɗe yana yi mini ciwo, amma an nuna wa ɗanka, da hannun da ka so. Ni ma na sa ido na haddace wurin, naka da nata, ba su yi nisa da juna sosai ba.

Allah Ya jiƙanka, Sharfuddeen. Allah Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya yalwata maka kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa yaran da ka koya wa iyo da gonakin da ka shayar su zama shaida a gare ka. Allah Ya haɗa ka da Gwaggo Ƙaltume a Aljannar Firdausi, a maƙwabtakar Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda ba sai wani ya nuna maka ita ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ruƙayya, wadda ta yi jinya ba ta taɓa ƙorafi ba, da Saif, da Wafa, da dukan danginmu na Awali da Jurf, da abokan nitsonsa na Yanbu. Yaya Zubair kuma, Allah Ya ba ka haƙuri, Ya sanyaya maka zuciya, ƙaninka ya tafi bai riƙe ka da komai ba, ni shaida ne. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.